Idan Memorin Waya Ya Cika Ko Ta Fara Nauyi: Abin Yi Kafin A Kai Ta Fulashin

Yawancin wayoyin da ake kaiwa kasuwannin waya na Farm Centre ko Beirut Road a Kano da ƙorafin "tana maƙalewa" ko "ta hana ni ɗaukar hoto", babu abin da ya lalace a jikinsu. Cika suka yi. Mai gyara zai karɓa ya yi mata fulashin ta dawo garau, amma hotunan biki, lambobin mutane da hirarrakin WhatsApp sun tafi. Bayan wata biyu ko uku kuma ta koma gidan jiya, don ba a toshe ƙofar da kayan ke shigowa ba. Aikin da za mu bayyana kana iya yinsa da kanka a zaune cikin awa ɗaya ko biyu. Sunayen wurare mun bar su yadda suke a rubuce a wayar. Suna ɗan bambanta tsakanin Tecno, Infinix, itel, Samsung da Redmi, don haka idan ka nemi abu ba ka gani ba, rubuta sunansa a wurin bincike da ke saman Settings.

Fara da sanin me ya cika

A kwalin waya ana rubuta lamba biyu, kamar 4+64 ko 3+32. Ƙaramar ita ce RAM, babbar ita ce ma'adana. Ɗauki ɗan kasuwar Kantin Kwari: ma'adana ita ce sito inda diloli ke jibge, RAM kuma teburin shago ne inda ake warware atamfa a nuna wa mai saye. Goge bidiyo yana rage kaya a sito ne, ba ya faɗaɗa tebur.

Amma cikar ma'adana ita ma tana kawo nauyi, ga dalili. Ba a rubuta sabon abu kai tsaye a kan tsoho a irin ma'adanar waya. Sai an share gurbi sukutum tukuna. Idan akwai fili, wayar tana rubutu a inda babu komai ta wuce. Idan fili ya ƙare, kafin ta ajiye saƙo ɗaya sai ta kwashe abin da ke wani gurbi, ta mayar wani wuri, ta share, sannan ta rubuta. Manhajoji da yawa kuwa cikin rubutu suke ko ba ka taɓa su ba. Wayoyi masu sauƙin kuɗi da ke amfani da ma'adana irin eMMC sun fi jin wannan a jikinsu fiye da masu UFS, wadda ta fi sauri. Don haka a bar kashi 10 zuwa 15 cikin 100 babu komai: wajen 4GB a waya mai 32GB, 7GB ko 8GB a mai 64GB.

Shiga Settings, sannan Storage. Jira ta gama lissafi, ka rubuta abin da kowane ɓangare ya ci: Apps, Videos, Images, Audio, System. System kam ba naka ba ne, manhajar da ke tafiyar da wayar ce, tana cin 10GB ko fiye a wayoyin yanzu, kuma ba a goge ta. Shi ya sa waya mai 32GB take cika tun kafin a je ko'ina. Idan ka tarar akwai fili mai yawa amma wayar na nauyi, tsallake zuwa ɓangaren nauyi a ƙasa, matsalarka ba ta nan ba ce.

WhatsApp, inda yawancin kayan suke

A wayar mutumin Kano da ke cikin guruf na dangi, na unguwa, na tsofaffin ɗalibai, na Islamiyya da na 'yan kasuwa, da wuya a samu abin da ya kai WhatsApp cin wuri. Bidiyon kamu da dina, wa'azi, karatun tafsirin watan azumi, gaisuwar Juma'a mai furanni da mutum goma suka turo, duk suna sauka ko ka buɗe ko ba ka buɗe ba.

Buɗe WhatsApp, danna ɗigo ukun nan na sama, shiga Settings, sai Storage and data, sai Manage storage. Za ka ga rukunin Larger than 5 MB, wato manyan fayiloli, da Forwarded many times, wato abin da aka yi ta yaɗawa. Fara da na biyun, kusan babu abin da za ka yi kewa a ciki. A na farkon ka bi a hankali, domin nan ne bidiyon sunan ɗanka yake zaune kusa da barkwancin da ka riga ka kalla. A ƙasa an jera hirarraki daga wadda ta fi nauyi. Guruf uku ko huɗu na sama su ne ke riƙe da yawancin kayan. Shiga kowanne, jera fayilolin daga mafi girma, ka goge.

Sai toshe ƙofa, wanda shi ne ainihin maganin. A Storage and data ɗin dai akwai Media auto-download mai layi uku: lokacin amfani da data, lokacin Wi-Fi, da lokacin da kake wata ƙasa. Shiga kowanne ka cire alamar da ke kan hoto, sauti, bidiyo da takardu. Daga nan babu abin da zai sauka sai wanda ka danna da hannunka. Saƙon murya ne kaɗai ke sauka da kansa, shi kuma ba shi da nauyi. Datarka ma za ta fi daɗewa.

Abubuwa uku da mutane ke yi suna zaton sun rage kaya alhali ba su rage komai ba: kashe ƙarar guruf, tura hira zuwa Archived, da kashe Media visibility. Na ƙarshen ɓoye hoton kawai yake daga Gallery, amma yana nan daram a ma'adana. Abin da ke taimakawa a guruf mai yawan surutu shi ne Disappearing messages, a sa kwana 7 ko kwana 90, idan masu kula da guruf ɗin sun yarda. Kada a sa shi a guruf ɗin adashi ko na ciniki inda rasit ɗin tura kuɗi ke zama shaida.

Akwai kuma kayan da ba sa fitowa a Gallery. Buɗe File Manager. A Android 11 zuwa sama bi wannan hanya: Android, media, com.whatsapp, WhatsApp. A tsofaffin wayoyi foldar WhatsApp tana waje, da ka buɗe za ka gan ta. Cikin Media, shiga WhatsApp Video, za ka tarar da folda mai suna Sent. Duk bidiyon da ka ɗauko daga Gallery ka tura wa wani, akwai kwafinsa na biyu a nan. Mai sayar da atamfa, takalma ko turaren wuta ta WhatsApp, wadda kullum cikin tura hoton kaya take, za ta iya samun gigabait da dama a Sent na bidiyo da na hotuna. Goge su ba ya taɓa abin da ke wayar wanda aka tura wa, sai dai a taka hirar hoton zai koma dishi-dishi.

Kusa da Media akwai Databases. Nan WhatsApp ke ajiye kwafin hirarrakinka, galibi da ƙarfe 2 na dare. Za ka ga fayiloli masu farawa da msgstore, wasu da kwanan wata a sunansu. Masu kwanan watan tsofaffin kwafi ne, kana iya goge su ka bar na baya-bayan nan. Duk wanda babu kwanan wata a sunansa, kada ka taɓa shi.

Idan kana ajiye kwafi a Google Drive, ka sani tun 2024 wannan kwafin yana ci ne daga cikin 15GB na kyauta da Google ke bayarwa, wanda Gmail, Drive da Google Photos suke rabawa. Idan ya cika, har imel sai ya daina shigowa. A Chats, Chat backup, kashe Include videos.

Gallery, Xender da kwandon shara

Minti ɗaya na bidiyo a 1080p yana cin wajen 130MB, a 4K kuma ya haura 300MB. Wanda ya ɗauki hawan Daushe na minti 20 a 4K ya cinye fiye da 6GB a yammaci ɗaya. A saitin kyamara mayar da bidiyo 1080p, ko ma 720p idan don WhatsApp ake ɗauka, tunda matse shi zai yi. A kashe yanayin 50MP ko 108MP sai ranar da ake bukata, domin hotonsa ɗaya ya ninka na yau da kullum sau uku ko fiye.

Foldar Xender ita ce ta biyu da ake mantawa da ita. Fina-finan da aka tura maka a shagon caji, shiri mai dogon zango kashi-kashi, da fayilolin APK na manhajojin da ka riga ka sa, duk suna can. APK da an gama sa manhaja ba shi da sauran amfani. Duba Download ma, da waƙoƙi da karatun da aka sauke a Audiomack, Boomplay ko YouTube. Waɗannan a cikin manhajar ake goge su, ba sa fitowa a File Manager.

Bayan duk wannan, mutane da yawa sai su koma Storage su ga lamba ba ta motsa ba. Dalili shi ne abin da aka goge yana tafiya kwandon shara ne, Recently deleted ko Trash, ya zauna kwana 30 a yawancin wayoyi. Gallery na da nata kwandon, File Manager na da nasa, Google Photos ma haka. Sai ka zazzage kowanne.

A kula da Google Photos. Idan ka goge hoto a cikinta da alamar kwandon shara, ya tafi daga wayar da kuma intanet gaba ɗaya. Maɓallin da ake so shi ne Free up space, wanda ke cire na cikin waya kawai bayan ya tabbatar an ɗora shi. Ɗorawar kuma data take ci daidai nauyin kayan, 5GB na hotuna 5GB na data, don haka a bari sai an samu Wi-Fi ko datar dare.

Clear cache da Clear data ba ɗaya ba ne

Shiga Settings, Apps, zaɓi manhaja, sai Storage. Maɓalli biyu ne kusa da juna. Clear cache yana share tarkacen wucin gadi, irin hotuna da bidiyon da manhaja ta riƙe don kada ta sake sauke su, kuma babu asara a ciki. Clear data, ko Clear storage a wasu wayoyin, yana mayar da manhajar kamar yau aka sa ta. A WhatsApp wannan na nufin hirarraki sun tafi in babu kwafi. A manhajar banki, OPay, PalmPay ko Moniepoint, sai ka sake shiga da lambar sirri da lambar da za a turo wa layinka, kuma idan layin ba ya hannunka ka shiga uku.

Masu tara tarkace su ne TikTok, Facebook, Instagram, Telegram, Chrome da Snapchat. TikTok na da wurin sharewa a Settings and privacy, Free up space. Masu yin bidiyo su lura, abin da ke Drafts a wayar yake zaune, da ka cire manhajar ya tafi. Telegram kuwa ya fi kowa sauƙi, tunda kayansa na ajiye a intanet: Data and Storage, Storage Usage, ka share, ka kuma sa masa iyakar kwanakin da zai riƙa riƙe fayil. Tarkacen nan yana dawowa, kuma share shi kullum ɓarnar data ce don sai an sake sauke abin. Sau ɗaya a wata ya isa.

Manhajar da ka yi wata biyu ba ka buɗe ba, cire ta. Waɗanda suka zo da wayar suka ƙi fita, danna Disable idan akwai. A waya mai RAM 2GB ko 3GB, Facebook Lite da TikTok Lite sun fi dacewa da ita.

Katin memori

Kati yana taimakawa, amma jabu sun yi yawa a kasuwa. Na jabu yakan nuna 64GB ko 128GB alhali ainihinsa 8GB ne ko ƙasa. Zai yi ta karɓar kaya ba musu, yana rubuta sabo a kan tsoho, sai ranar da ka buɗe hotuna ka tarar sun zama baƙaƙe. Gwajinsa shi ne a cika shi taf da manyan bidiyo, a cire a mayar, sannan a buɗe na farko, na tsakiya da na ƙarshe. Mai kwamfuta zai iya gwada shi da H2testw. Yi wannan kafin ka goge asalin kayan daga waya. Nemi mai alamar Class 10 da A1 ko A2 a jikinsa. Kati mai saiɓi da kansa yana sa Gallery da kyamara su riƙa tsayawa, don haka idan nauyin ya fara ne bayan an sa kati, cire shi ka gani.

Wasu wayoyin za su tambaye ka ko a yi amfani da katin a matsayin Portable storage ko Internal storage. Zaɓi Portable. Internal yana kulle katin da wannan wayar kaɗai: ba zai buɗe a wata waya ko kwamfuta ba, kuma ranar da wayar ta mutu ko aka yi mata fomatin, abin da ke kansa ya tafi tare da ita. Bayan haka sai ka shiga saitin kyamara da na Xender ka mayar da wurin ajiya kan kati. Wayar da ba ta da ramin kati, filashin OTG, wato ƙaramar ma'adana da ake sokawa a ramin cajar waya, yana yin aikin. Abin da ba ka son rasawa dai kada ya zauna a kati kaɗai.

Idan akwai fili amma tana nauyi

Fara da raba laifin waya da na netwok. Sa ta a Airplane mode, ka buɗe lambobi, Gallery da kyamara. Idan suna buɗewa nan take, wayar lafiyarta ƙalau, sabis ne ba shi da ƙarfi a inda kake.

Idan har a haka tana jan ƙafa, kashe ta ka kunna. Akwai wayoyin da ke yin watanni ba a kashe su ba sai in caji ya ƙare. Sau ɗaya a mako ya wadatar.

Sai manhajojin da ke kiran kansu masu share waya ko ƙara mata gudu. Cire su duka. Abin da suke yi shi ne rufe manhajojin da ke RAM, su kuma su sake tashi, wanda ya fi cin batir da ƙarfin waya fiye da a bar su. Android da kanta take kula da RAM, kuma ganinsa a cike ba matsala ba ne. Tun daga Android 14 ma an hana wata manhaja rufe wata ta wannan hanya, saura talla kawai suke nuna maka. A 2020 Google ya kori ɗaruruwan manhajoji daga Play Store saboda tallan da ke addabar mutane, har da na kamfanin da ya yi Clean Master. Mai sharewar da ya zo da wayar, ko Files by Google, ya ishe ka.

Idan talla na faɗowa a fuskar waya ko ba ka buɗe komai ba, ko tana zafi a aljihu, akwai muguwar manhaja a ciki, galibi daga APK da aka karɓa ta Xender ko wani shafi. Danne maɓallin kashewa, sannan ka danne Power off a sikirin har Safe mode ya fito. Haka ake yi a yawancin wayoyi. A wannan yanayin manhajojin da ka sa da kanka ba sa aiki. Idan wayar ta saki, to ɗaya daga cikinsu ce. Duba jerin Apps da kyau, har da wadda ba ta da suna ko hotonta fari ne fat. Idan maɓallin Uninstall ya ƙi dannuwa, je Security, Device admin apps, ka ƙwace mata izini tukuna. GB WhatsApp da 'yan uwansa ma suna cikin abin da za a cire, ga nauyi ga haɗarin a rufe maka lamba.

Zafi ma babban dalili ne a garin nan. An ƙera waya ne ta yi aiki a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, Kano kuwa a Afrilu da Mayu tana haura 40. Da na'urar ciki ta yi zafi, wayar da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Kallon TikTok tana jone da caja, barin ta a gaban mota cikin rana, ko cusa ta ƙarƙashin matashi tana caji, duk suna jawo haka. Cire mata riga, ajiye ta a inuwa minti 10. Kada a sa ta a firji, raɓa za ta taru a ciki. Idan bayanta ya kumbura ko sikirin ya fara ɗagowa, batir ne, a daina caji a kai a canza shi.

Duba Battery saver ma. Saboda rashin tabbas ɗin wuta mutane kan bar shi a kunne dare da rana, shi kuwa rage ƙarfin waya yake yi da gangan.

Ƙarin RAM da ake tallatawa, MemFusion a Tecno da Infinix, RAM Plus a Samsung, Memory extension a Redmi, ba RAM na gaske ba ne. A yawancin wayoyi yanki ake yanka daga ma'adana, wadda ba ta kusa da RAM a sauri. Wayar da aka rubuta 4+4 RAM ɗinta 4GB ne. Idan ma'adanarka a cike take, rage shi ko kashe shi, ka sake kunna wayar ka kwatanta.

Dabara ta ƙarshe: a About phone danna Build number sau 7, Developer options zai bayyana. Nemi Window animation scale, Transition animation scale da Animator duration scale, mayar da kowanne 0.5x. Ba ya ƙara ƙarfi, amma shafuka za su riƙa buɗewa da hanzari. Kada ka taɓa sauran abin da ke wurin. Wasu manhajojin banki ba sa buɗewa idan Developer options na kunne, in ka ga haka sai ka kashe shi.

Masu iPhone: shiga Settings, General, iPhone Storage. Offload App yana cire manhaja ya bar bayananta. iCloud na kyauta 5GB ne kacal. Idan Battery Health ya sauka ƙasa da kashi 80, nauyin na iya zama daga batir.

Fomatin, idan komai ya ƙi

Kafin ka danna Erase all data, ko ka miƙa wa mai gyara:

1. Kwashe DCIM, Pictures, Download, Documents da foldar WhatsApp zuwa kwamfuta ko filashi, ka buɗe wasu ka tabbatar sun kwafu.
2. Mayar da lambobi kan asusun Google, ko ka fitar da su a fayil ɗin vcf. Layi ba ya ɗaukar fiye da 'yan ɗaruruwa.
3. Yi Chat backup, ka jira ya kai ƙarshe.
4. Tabbatar ka san adireshin Gmail ɗinka da kalmar sirrinsa. Idan aka goge waya ta hanyar danne maɓallan gefe, za ta nemi asusun da ke kanta a da, in babu shi ba za ta buɗe ba. Nan ne waɗanda wani ya buɗe wa imel a shago suke maƙalewa.
5. Layin da ka yi rajistar WhatsApp da banki ya kasance yana karɓar saƙo. Caji ya haura rabi, a cire katin memori.

Bayan ta tashi, sa manhajoji ɗaya bayan ɗaya daga Play Store, kuma kashe saukar kai-tsaye ta WhatsApp tun kafin guruf-guruf su farka.

Idan an yi fomatin amma abin da ka goge yana dawowa bayan an kunna, ko tana kashe kanta, ko tana tsayawa a tambarin kamfani, ma'adanar ce ta fara mutuwa. Kwashe kayanka a ranar, domin gyaran na kan allon ciki ne, kuma a ƙaramar waya kuɗinsa kan kusa kuɗin wata. In sayen wata ya kama, kada ka sauka ƙasa da RAM 4GB na gaske da ma'adana 128GB. Ta hannu kuwa, musamman wadda aka ce 256GB ko 512GB a farashin da ya yi araha da yawa, kada ka tsaya ga abin da Settings ya nuna, don ana sauya wannan rubutun a wayoyin jabu. Tura mata manyan fina-finai na 20GB ko 30GB a nan gaban mai shagon, ka buɗe na farko da na ƙarshe, sannan ka biya.